Ishaya, Ƙanen Iya Asabe

A sabon ƙauyen da aka gina mana bayan ruwan Kainji ya ci tsibirinmu, a gindin banda muke shan tatsuniya, inda kakata Iya Asabe take ƙyafe kifi bayan magariba. Mu jikokinta mukan zauna a kan tsofaffin komaye, hayaƙi yana sa mu hawaye, ita kuma tana juya tarwaɗa da hannu kamar wuta ba ta cinta. Ta iya labarin kura da zomo, ta iya na dodon ruwa. Amma akwai wani labari da ba ta yi sai iyayenmu maza sun tafi masallaci. In za ta fara, sai ta rage wuta ta ce, "Wanga ba tatsuniya ba ta. Kowa ya ji shi riƙe."

Labarin ƙanenta ne, Danjuma. Yana saurayi kuturta ta kama shi. Aka yi masa bukka a bayan gari, aka ware masa ƙwarya, har masu tashi tare da shi suka daina ba shi hannu. Wani mai jirgin fatauci ne ya ba shi labarin asibitin kutare na 'yan mishan can nesa, ya bi shi. Shekaru suka wuce har aka ɗauka ya mutu. Sai ga shi dab da samun 'yancin kai, ciwon ya tsaya amma ya tafi da yatsunsa. Ya zama Kirista, sunansa ya koma Ishaya, ya kuma iya karatun boko.

Kullum da yamma yakan zauna a bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, yana gaya wa masu gyaran koma cewa mabiyan Almasihu na farko masunta ne irinsu. Wasu su yi dariya, wasu su tofar da yawu, 'yan kaɗan su tsaya. Da safe kuma rubutu yake yi da Gunganci, harshenmu, wanda ba mu taɓa ganin an sa a takarda ba. Iya Asabe musulma ce, ba ta taɓa fashin salla ba, amma ita ce take zuwa ta ɗaure masa alƙalami a dungulmin hannu da tsumma kafin ta tafi aikinta.

"In na ɗaure da ƙarfi shi yi jini," in ji ta, "in na sassauta alƙalami shi faɗi. Sai da na koyi tsaka-tsaki."

Daga baya 'yan mishan suka buga masa rubutun ya zama ɗan littafi, waƙoƙi da wa'azi. Nan fitina ta tashi. Dagacin tsibirin ya ce Ishaya yana raba kan mutane. 'Yan doka suka zo suka tafi da shi da igiya a ƙugu, saboda wa'azi ba da izini ba. Aka watsa littattafan a kogi, aka cinna wa bukkarsa wuta. Iya ta ce tana tsaye tana kallon takardun suna bin ruwa, yara na tsamo su suna wasa.

Ya dawo daga gidan yari a rame, da tari a ƙirji. Kwana biyu da dawowa ya miƙo mata hannu ta ɗaure masa alƙalami. Ta fashe da kuka ta ce, "Danjuma, don Allah ka bari. Ka riƙe abinka cikin zuciya, wa zai gani?"

Ya ce, "Yaya, ran da kowa ya ƙi taɓa ni, can asibiti aka wanke mini gyambo da sunan Almasihu. In na yi shiru yanzu, na zama butulu."

Sai ta ɗaure.

Da aka gama madatsar ruwa aka ce kowa ya tashi, dagaci ya ce Ishaya ba zai shiga jirgi da jama'a ba, kuma ba shi da gida a sabon gari. Kakana ya ce wa Iya kada ta kuskura ta sa baki. Aka kwashe mutane da awaki da rumbuna, aka bar shi. Ta kwana biyu a sabon gida ba ta iya haɗiye loma. A na uku ta kwance kwalekwalen mijinta da rana tsaka, kowa na gani, ta tuƙa ita kaɗai. Ta tarar ruwa ya shiga gari har idon sawu. Ga shi zaune a kan wani turmi da aka bari, ƙunshin takardu a kansa, yana waƙa.

"Da ya gan ni," in ji Iya, "sai ya ce, 'Yaya, ke ce? Tun jiya nike roƙon a aiko wani.' Na ce shigo, kada ka sa ni zagi."

Ta yi masa rumfa a bayan bandarta. Bai ga ƙarshen daminar farko ba, tarin ya tafi da shi. Mazan gari suka ƙi haƙa kabari. Ita da wani tsoho da mata biyu daga masu sauraronsa suka haƙa da fartanya. Suna cikin haƙa sai ga matar liman da farin yadi, ta ajiye ta ce malam ne ya aiko, ta juya. Takardun kuwa, Iya ba ta iya karatu ba, ta ba ɗaya daga cikin matan da za ta koma wajen danginta a Shanga. Ba a sake jin labarinsu ba.

A nan take tsayawa, ta ci gaba da juya kifi. Wata rana na tambaye ta ko ta yafe wa mutanen garin. Ta ce, "Shi ya yahe musu tun da ranshi. Ni ko gaisawa nike da su, shi ke nan."

Ina yaro na ɗauka labarin jarumtar Ishaya take ba mu. Yanzu da na yi furfura, na ga yadda addini yake raba 'yan ɗaki ɗaya, sai na fahimci har da kanta take ba mu labari. Ba ta taɓa ce mana ƙanenta yana kan gaskiya ba, ba ta kuma taɓa cewa ya ɓata ba. Ta zauna tsakanin mijin da take yi wa biyayya da ƙanen da suka sha nono ɗaya, ta rayu da maƙwabtan da suka bar shi cikin ruwa, tana kai musu kifi in sun yi suna, tana zuwa musu gaisuwar mutuwa. Na yi ƙoƙarin yin irin haƙurinta sau da yawa, ban kai rabinsa ba. Da ta rasu, 'ya'yan dagacin nan suna cikin waɗanda suka ɗauki makararta.