Uwar Toka, Mai Kiwon Cutar Ganye

Kafin sauran ma'aikatan cibiyar binciken noma su gama gaisuwar safe, Uwar Toka ta riga ta shiga ɗakin gilas da ake renon shuke-shuke a ciki, ta sauya riga, ta wanke hannu har gwiwa. Sai ta ɗauki ɗan burushi mai laushi, ta sunkuya kan tukunyar alkamar da ganyenta ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, ta shafo farin, ta kai kan sabon tsiro mai lafiya. Da gangan take sa wa shuka cuta, kuma a kan haka ta shekara talatin da ɗoriya.

Cutar wata farar fumfuna ce, ita ta jawo mata wannan suna. Halitta ce mai tsirfa. Sauran fumfuna ko ruɓaɓɓen burodi suka samu sun gode, ita kuwa sai ganye mai rai. Takan kwanta a samansa, ta zura ɗan bakinta ciki tana tsotsa, ba ta gaggawar kashe shi, don in ya mutu ita ma ta tafi. Ga zaɓe: ta alkama ba ta ko kallon kabewa. Babban sharrinta shi ne sauya hali. Masana su sha wuya su fitar da iri mai jure mata, bayan 'yan damina sai ta rikiɗa ta cinye shi. Shi ya sa ake riƙe da tsofaffin nau'o'inta da sababbi a raye, a gwada kowane iri da su kafin ya isa hannun manomi. Tunda ba ta zaman kwalba, dole wani ya riƙa ɗauke ta daga ganyen da ya tsufa zuwa ɗanye, kowane nau'i a akwatinsa, kada su gauraya.

Ke ce wanin nan, Uwar Toka. Direban cibiya ya shaida cewa shekarar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar zafi, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya, ke kaɗai kika kwashe tukwanen zuwa inuwa, kina wanka tsakanin nau'i da nau'i har fatarki ta yi fari. Maigidanki har yau yana tsokanarki cewa shi ne na ƙarshe a layi, ana gama shayar da 'ya'yan tukunya sannan a tuna da shi. 'Yarki ta ce tun tasowarta ba a taɓa shuka kabewa a gidanku ba, don kada ki kwaso fumfunarta a jikin zane ki kai wurin aiki, ko da yake ba ta cin alkama.

To, ga sakayyar da aka yi mata. A ofis, sunan aikinta mai ban ruwa. Da ta yi ritaya sai mai kula da ma'aikata ya ga ba sai an ɗauki wani ba, aka jera bututu a rufin ɗakin, yana feshi safe da yamma. Shi ban cika ganin laifinsa ba, bai san ganye ba. Haushina yana kan masanan da suka yi suna da aikin hannunta. Sun fi kowa sanin cewa wannan fumfuna, saɓanin 'yan uwanta, ba ta shiri da ruwa a kan ganye, wanke ta yake yi. Sun sani, amma kowa ya kama bakinsa yana jiran wani ya yi magana.

Direban ne ya kasa haƙuri, ya je gida ya ɗauko ta. Ta tarar da ɗakin kore shar, kowa na yaba kyansa. Mai kula da ma'aikata ya tare ta da fara'a.

"Baba, kin ga yadda muka gyara miki wurin? Ko tabo babu."

"Ranka ya daɗe, ai tabon nake kiwo," in ji ta.

Ta durƙusa tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba. Nau'o'i da dama sun tafi, kuma ba za su dawo ba, domin gonakin da aka samo su yanzu gidaje ne. Can a lungu, inda bututu ya toshe, ta ga ɗan fari a kan wani ganyen da ya fara rawaya. Mafi tsufan nau'in ne, wanda ta gada daga wanda ya koya mata aikin. A ranar ta ɗauke shi zuwa sabon tsiro.

An kashe bututun, amma har yau ba a sa kowa a gurbinta ba. Ita ke zuwa, ba wanda ya kira ta, mai gadi ya buɗe mata don kunya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannunta ya fara rawa, sai ta tallafe na dama da na hagu kafin burushin ya sauka inda take so.

Mun gode, Uwar Toka, mai riƙon abin da kowa ke gudu. Duk manomin da alkamarsa ta tsira yana cin albarkacinki bai sani ba. Allah ya saka miki, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu manyan ofisoshi, ba walima muke nema mata ba. Ku turo mutum ya tsaya kusa da ita ya koya tun hannun nan yana iya ɗaga burushi, domin ganyen da ta shafa wa a wannan makon shi ma zai tsufa.