Takardar da Na Aika wa Baba Shekarar Sanƙarau

Shekarun baya, can lokacin da Nasara ke riƙe da ƙasa, ina ƙaramin malamin asibiti a Isa, sanƙarau ya faɗo muna cikin bazara, kuma cikin watan azumi. Anka kafa rumfunan zana bayan gari anka zuba marasa lahiya, anka hana mu ma'aikata fita ko'ina. Ni kuwa lokacin ji nake da kaina ba kaɗan ba. Na iya boko, na iya ajami, in na rubuta wasiƙa har aro ake zuwa yi don a kwafi gaisuwar.

Wata rana da hantsi ina wankin kwanonin magani anka ce ana nemana bakin shinge. Na tarar da maƙwabcinmu na Sabon Birni, wani falke mai kai goro Maraɗi, tsaye nesa ya rufe hanci da rawani. Bai ko tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce mahaifina na kwance tun jiya, kai na sara, wuya ya fara sanƙarewa, kuma ya ƙi aje azumi. Wallahi na san abin da ciwon nan ke yi wa mutum cikin kwana biyu, kullum da hannuna nake rufe waɗanda ya kashe.

Na ruga wajen babban malaminmu, wani dattijo mai ƙarancin magana wanda ya daɗe yana aiki da likitocin Turawa. Na roƙe shi ya sake ni in tafi. Ya ce ba shi da ikon wannan, kuma ko ya yi, dogarai za su mai da ni daga hanya. A ɗauko Baba bisa jaki cikin wannan rana kuwa, ba zai kawo ba. Ya buɗe akwati ya ƙirgo ƙwayoyin nan farare da muke bayarwa, ya ƙulle a tsumma. Maganin na aiki, amma yana da sharaɗi: a sha shi kan lokaci, a bi shi da ruwa mai yawa. In babu ruwa, fitsari ya ɗauke, maganin da kansa ya kashe mutum.

Na koma in yi wa falke bayani da baki, ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba zai shiga gidanmu ba, yana da iyali. Bakin zaure zai aje ya yi sallama ya wuce. In akwai magana in rubuta, baffana ya karanta. Ya ƙara da cewa in azahar ta yi bai ga saƙo ba, tafiyarsa zai yi.

To, rubutu ai gida ne, in ji ni. Na zauna na zuba. Na gai da Baffa, na gai da iyayena mata, na yi addu'a mai tsawo, sannan can ƙasa na ce ga ɗan magani, in ya yiwu a daure a riƙa ba Baba biyu-biyu sau huɗu a wuni, in hali ya yi kuma a yawaita ruwa. Ku tuna ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa duban tsabar idonsa ba. Mutum irina ba ya aika wa gidan ubansa umarni.

Na tashi za ni kai, babban malam ya ce in kawo. Ya karanta. Ya leƙa waje ya kira limamin unguwa, wanda kullum yake nan saboda jana'iza. Ya tsinci tsakuwa ya zuba masa a hannu, ya miƙa masa takardar.

"Malam, wanga ne magani, ga mara lahiya nan kwance, ƙanenka ne ko wanka. Yi abin da takarda tac ce." Ya juyo gare ni. "Kai kuma in ka buɗe baki, ba ka aika komi."

Liman ya bi gaisuwa a tsanake yana amsa amin, ni ko ina duban inuwar rumfa tana matsewa. Da ya kai ƙasa, ya ware tsakuwa takwas gefe guda. Babban malam ya tambaye shi na mene ne. Ya ce ai azumi ake, sai a tara na wunin duka a ba shi in an sha ruwa, tunda an ce in ya yiwu, da rana kuwa ba ya yiwuwa. Na ji kamar in yi ihu. Abin takaicin, mutumin bai yi kuskure ba, abin da na rubuta ya bi, kuma na san Baffa haka zai yi.

Babban malam ya miƙo mini wata takarda. Ya ce a Sabon Birni ba ni nan balle in ce ba haka nike nufi ba, takarda kaɗai za ta je. In sa abin da ke kisa a sama, kowane aiki layinsa daban, kuma kada in auna komai da abin da babu shi a gidan.

Na sake. Na rage gaisuwa, na sa lokutan da kowa ya sani: asuba, azahar, magariba, da lokacin kwanciya. Na ce a ba shi ruwa da yawa. Liman ya karanta, ya raba tsakuwa daidai, har na fara numfashi. Sai ya ɗauki ludayi ya ɗebo ruwa a randa, ya ce ga mara lahiya wannan ma ai da yawa ne. Ya kuma mai da tsakuwar azahar cikin na magariba, ya ce bai ga inda anka ce a karya azumi ba, shi kuma ba zai ɗaukar wa kansa wannan ba.

Daga bakin shinge falke ya aiko cewa ya ɗaura wa raƙumi kaya.

Nan na tsaya da alƙalami a hannu. Na san abin da ya rage, kunya ce ta riƙe ni. Na ce wa babban malam ko in rubuta cewa likita ne ya ce. Ya ce Baba ba ya karya azumi don Nasara ya ce. Na ce to ko in roƙa, in ce don Allah a duba. Ya ce wanda anka roƙa yana da damar ƙi. Raina ya ɓaci, har na ce masa shi ba ubansa ne ba. Ya dai tura mini tawada.

Na rubuta, kuma har yau ina iya karanto shi. Sallama layi ɗaya. Sannan: Baba ya karya azumi yanzu, kada a jira magariba. A ba shi ƙwaya biyu da zarar takardar ga ta iso. Daga nan biyu-biyu kowace asuba, azahar, magariba, da lokacin kwanciya. Bayan kowane sha, a cika ƙwaryar da yake shan fura da ruwa, ya shanye. In ba ya iya haɗiya, a daka a dama. Kada a tara na lokaci biyu. Kada a ba kowa ko ɗaya. In ya ji sauƙi, a ci gaba har su ƙare.

Liman ya karanta, ya dube ni, ya sake dubawa. Ya ɗauki tsakuwa biyu ya ce a miƙo masa ƙwarya. Ban jira komai ba na fizge takardar na ruga. Falke har ya hau, sai jefa masa ƙullin na yi.

Abin da ya biyo baya shi ne jira, kuma ba na so ko maƙiyina ya yi irinsa. Babu mai zuwa daga wajenmu. Duk wanda na gani tafe daga arewa sai gabana ya faɗi, in ce ta'aziyya ce. Ga shi kuma ina ta tunanin ko da Baba ya tashi, da wane ido za ni shiga gidan.

Sai da ruwan farko ya sauka anka buɗe hanya. Na tarar da Baffa a zaure. Ya ce mini ranar ya yi ta fama, Baba ya kafe, sai ya miƙa masa takardar ya ce karanta da kanka. Baba ya bi ta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta yana neman inda anka bar masa ƙofa, bai samu ba. Ya ce a kawo ruwa.

Ya tashi, alhamdu lillahi, amma ciwon ya tafi da kunnuwansa. Tun daga nan duk wata takardar bayani da na rubuta a aikina, ta magani ce ko ta haɗa ruwan wanke rauni, sai na ba wani ya gwada ina kallo bakina a rufe. Har yanzu kuma rufe bakin nan wuya yake mini.

Na shiga na durƙusa nesa kamar yadda na saba. Baba na zaune bisa buzu, ya rame ƙwarai. Bai dube ni ba. Ya juya wajen Baffa ya yi magana da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa.

"Wanda yar rubuto takardar nan ba shi da kunya ko kaɗan. Ka ce mai Allah shi yi mai albarka."

Na sunkuyar da kai ina kuka, na ce amin, bai ji ba.