Kunun Gyaɗar da Na Dama wa Yayana

A shekarun da auduga ke da daraja, ni matar manomi ce a wani ƙauye kusa da Danja, mai 'ya'ya huɗu da saurin dariya. Yayana kuwa Alhaji ne, babban dillalin auduga a Funtuwa. Bayan rasuwar mahaifinmu ya ce fadamar da maigidana ke noman rake a cikinta tasa ce. Ya turo tarakta ta bi ta kan raken tun bai nuna ba, muna tsaye muna kallo. Da maigidana ya je ba shi haƙuri, Yaya ya mare shi a tsakiyar kasuwa. Kunya ta kore shi cirani Kudu, motar da ya shiga ta faɗi a hanya, ko gawarsa ban gani ba. Ranar da na fita takaba na yi rantsuwa sai Yaya ya ɗanɗana.

Ana nan sai ƙodarsa ta daina aiki. Aka kai shi Legas, inda a lokacin ake samun injin wankin ƙoda, dangi suka ce ni zan yi jinya tunda ba ni da miji. Na ce to. A shekara ta biyu ya fara kukan ƙasusuwa, gaɓoɓinsa suka kumbura, yana susar jiki har jini. Wata nas, Kirista haifaffiyar Funtuwa, ta ja ni gefe ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce akwai sinadarin da injin ba ya iya kwashewa duka, in ya taru yakan zuƙe ƙarfin ƙashi, don haka in rage masa gyaɗa da wake da nono, kuma kada ya ci abinci bai tauna ƙwayar maganinsa ba. Ni kaɗai ta faɗa wa.

Daga ranar, duk motar kayan da ta taso daga gida sai ta zo mini da gyaɗa da wake. Kunun gyaɗa da safe, alale da rana, ƙwayar kuma in ya manta ba na tuna masa. Yana sha yana sa mini albarka, ni ina tuna rakenmu. Wata la'asar ya yunƙura zai tashi daga sallaya, ƙashin cinyarsa ya karye kamar karan dawa. Wallahi ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Bai sake tafiya ba. Wata bakwai ina juya shi yana ihu, wannan ƙaton mutum ya koma kamar tsumma. Bai taɓa neman gafarata ba, sai dai yana gaya wa masu dubiya cewa ba shi da kamata a duniya. A haka ya cika.

Likita ya ce ciwon ƙodar shi kaɗai ma yakan kai ga haka, don haka har gobe ban san nawa ne rabona a ciki ba. 'Ya'yansa suna kirana Gwaggo mai zumunci, suna turo mini goron Sallah, ni kuwa ba na iya haɗa ido da su. Mai karatu, in an zalunce ka, kai ƙara ko ka bar wa Allah. Kada ka karɓi jinyar wanda ba ka yafe wa ba, domin shi ya huta a kabarinsa, ni ce har yanzu nake jinya.