Hanyar Rijiya Biyu

Muna yara a Kankia, hanyar da ta bi ta bayan gidanmu ta nufi gonakin Tafashiya, Hanyar Rijiya Biyu muke ce mata. Can muke zuwa ɗibar ruwa da hantsi, ni da ƙawata, ɗiyar wani mai sayar da kwanuka da ya zo daga kudu. Kirista ce, amma bakinta Katsinanci tsantsa. A gidanmu take cin tuwon sallah, mu kuma mu ci shinkafar Kirsimeti a nasu. Da muka gama firamare suka koma garinsu, shiru har muka girma.

Bara na fara sa hannu a taswirar nan ta intanet da kowa ke iya gyarawa. Na tarar hanyarmu ba suna. Yanzu an gina makaranta a bakinta, 'yan acaba duk Layin Makaranta suka sani, don haka shi na rubuta.

Da na sake dubawa, sai na ga wani ya goge, ya sa Hanyar Rijiya Biyu. Na mayar. Ya sake canzawa. Raina ya ɗan ɓaci, na aika masa saƙo: "Malam, baƙo ba zai gane ba. Rijiyoyin ma an cike ɗaya."

Amsa ta zo: "Ni ba malam ba ce. Wace aka cike, ta gindin tsamiya ko mai zaƙin ruwa? Gugana na nan cikin ta tsamiya."

Na ajiye wayar a cinya. Ina wurin ranar da gugan ya suɓuce wa ƙawata, muka tsaya muna leƙe muna kuka.

Da yamma muka yi waya. Tana aikin jinya a kudu; ta ce idan kewa ta dame ta, taswirar take buɗewa ta bi layukan garin da yatsa. Muka daidaita: Layin Makaranta a sama saboda matafiya, tsohon sunan kuma a gurbin suna na biyu, duk wanda ya neme shi zai samu.

Sannan ta tambayi Inna. Na faɗa mata ta rasu. Ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Ita ta koya mini tuƙa tuwo."