Ranar da Muka Karɓo Hoton Haƙorina

A lokacin ina sayar da citta a kasuwar Kafanchan, kuma ni ce mai tayar da waƙa a zumuntar matan cocinmu. Mace ce ni mai bin doka, duk abin da likita ya faɗa ba na tambaya. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Ana saura mako uku babban taron zumunta, haƙora biyu suka hana ni sakat, ɗaya na ciki, ɗaya na gaba. A asibitin gwamnati na tarar da layi, aka ce in dawo bayan kwana goma. Na yi fushi na hau keke zuwa wani asibitin kuɗi, kuskure na biyu ke nan. Suka ɗauki hoto, suka miƙo takarda na sa hannu ban karanta ba, suka cire na cikin, aikin ya cinye mini buhun citta guda. Ina riƙe da auduga a baki likitan ya ce na gaban ma sai ya fita, a sa na roba, kuɗinsa dabam. Na tuna zan tsaya gaban taro da giɓi, sai na ce zan yi shawara.

Da ranata ta zo na koma asibitin gwamnati. Likitar ta duba, ta ce na gaban cike ramin kawai za a yi, kuma kuɗin kaɗan ne. Ta tambaya ko an gaya mini akwai wata hanya kafin a cire wancan. Na ce a'a. Ta ce in kawo hoton, tunda na biya, haƙƙina ne.

Sau uku ina komawa asibitin kuɗin, yarinyar da ke tebur tana cewa hoton na asibiti ne, kuma Oga ba ya nan. Na huɗu, bayan koyon waƙa, ni da matan zumunta muka zo da zanen zumunta, da tulun kiɗa da caki, muka cika bencinansu, na tayar da waƙa a hankali. Shugabarmu ta gaya wa yarinyar kada ta damu da mu, mun ci tuwo, kuma littafin waƙarmu yana da kauri. Kafin mu gama ta uku, Ogan da ba ya nan ya fito da hoton a ambulan, yana cewa Mama ai da kin yi magana. Na ce masa na yi, sau uku.

An cike haƙorin, na tayar da waƙa a taron da bakina cikakke. Na cikin kuwa ya tafi, har yau harshena yana neman sa, kuma laifin shiruna ne. Fastonmu ya ce mun wuce iyaka, na ce masa gobe ma zan maimaita. Ku da kuke karantawa, da farko ku tambayi ko haƙorin zai gyaru. Sannan ku karanta takarda kafin sa hannu. A ƙarshe ku karɓi hotonku, kafin a buɗe muku ƙofar fita.