Mayafin Sarkin Rumawa

Har gobe idan aka buɗe akwatin da ya daɗe a rufe, warin kafur ya bugi hancina, sai in tuna ƙuruciyata. Warin ɗakin kakata ke nan, mahaifiyar babana, a ƙauyenmu da ke bayan Gubuchi. Abin da zan gaya maka na daɗe ina haɗiye shi, sai ka yi haƙuri da ni.

Ina aji biyar na firamare aka kawo mana sabon malami daga Zariya, siriri mai saurin magana, wanda ya ƙwallafa rai a kan wasu mutanen zamanin da, Rumawa. Zango guda cur ba mu da zance sai nasu. A darasin lissafi, in za mu rubuta biyar sai mu karya kara ya buɗe baki sama, goma kuwa kara biyu a gicciye. Ranar kimiyya ya kai mu bakin rijiyar makaranta, muka jona bututun ganyen gwanda a kan tubala, ruwa ya gangara har gindin mangwaro. Ya ce haka suke jawo ruwa daga duwatsu zuwa birni. Hatta malamin Arabiyya, wanda da farko yake yi masa kallon shashasha, ya shigo ajinmu ya ce ai akwai sura guda mai sunansu, ya biya mana farkonta. Muka riƙa jin kanmu wasu manya.

Ƙarshen zango za a yi wasan kwaikwayo a gaban iyaye, labarin wani sarkinsu da fadawansa suka taru suka soke. Ni aka ba sarki, don na fi kowa murya.

"Sarkin Rumawa ba ya sa babbar riga," in ji malam. "Farin yadi yake naɗawa, ya bar kafaɗa ɗaya a waje. Ka nemo a gida, ko zanen gado ne."

Gidanmu babu farin zanen gado. Amma na san inda fari yake.

A ɗakin kaka na tashi. Maigidana take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma duk lokacin matsar rake sai ta ɓoye mini mazarƙwaila a cikin kwanon sha. Na taɓa ganinta tana gyara adakarta, na hango wani farin alawayyo a can ƙasa, a ninke cikin leda da ƙwayoyin kafur. Da na tambaye ta za ta iya hana ni, shi ya sa ban tambaya ba. Ranar wasan ta tafi barka ƙauyen da ke gaba da mu, na shiga na zare shi.

Wasa ya yi kyau, ba zan ɓoye maka ba. Malam ya ƙulla zoɓo a leda ya soka mini a hammata. Da fadawa suka rufe ni da wuƙaƙen kara na matse ledar, ja ya tsiyayo daga ƙirjina har gwiwa, na faɗi ina shure-shure. Mata suka yi salati, maza suka yi tafi, hedimasta ya riƙe hannun malam ya ƙi saki.

Daga nan rafi na nufa. Na cuɗa da sabulu har yatsuna suka yi zafi, jan bai fita ba, sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Rana ta yi sanyi, kaka ta kusa dawowa. Na ninke shi da danshinsa, na tura tabon ciki, na mayar ƙasan adaka.

Bayan sallar layya na ji tana magana da innata a bakin murhu, ina gefe ina cin ƙanzo.

"In ta Allah ta kasance kada a wahalar da kowa," ta ce. "Likkafanina yana ƙasan adaka. Da hannuna na tsoma shi a zamzam shekarar da na sauke farali."

Na ajiye ƙanzon. Sau ɗaya ta je Makka a rayuwarta, ta kuma san ba za ta koma ba.

Wata bakwai ta yi a duniya bayan wannan magana. Wata bakwai ina cin tuwo a kwanonta, tana tsokanata wai maigida ya rame ko budurwa ya yi. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ce bari gobe.

Ta rasu da hantsi a tsakiyar damina, bayan zazzaɓin kwana uku. Mata suka cika ɗakin. Ina tsaye a bakin ƙofa gwaggona ta buɗe adakar, ta warware yadin a gabansu. Tabon ya bi ninki ya bazu kamar tsohon jini, danshi kuma ya cinye shi, wani wurin yatsa ma yana shiga. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ja da baya, ta ce a hankali, amma kowa ya ji:

"Jini a likkafani? Allah ka rufa mana asiri. Kowa dai ya san abin da ya ci."

Ka san abin da ake nufi da irin wannan magana a ƙauye. Ni kaɗai ne a duniya nake da amsarta, kuma ina tsaye a wurin. Na sunkuyar da kai na fita.

Babana ya hau keke cikin laka ya tafi Makarfi neman sabon yadi. Sai bayan la'asar aka kai ta. Kafin sadakar bakwai zance ya gama gari, wai mayya ce, wai jinin yaran da suka mutu bara ne ya bayyana. Alhali ita ce matar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen nan. Innata ta daina zuwa rijiya da safe, don kada ta ji ana yin shiru idan ta iso.

Sai da na shiga aji uku na sakandare na gaya wa babana, muna sassabe a gona. Bai ɗaga hannu ya dake ni ba. Ya dogara da addarsa.

"Ni ai ban taɓa zarginta ba," ya ce. "Ba ni ya kamata ka gaya wa ba."

Na bi gida-gida na faɗa. Tsohuwar da ta fara maganar ta riga ta rasu. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka yi dariya suka ba ni ruwa.

Yanzu ba kasafai ake ajiye likkafani a ɗaki ba. In an yi rasuwa waya ake bugawa, mai shago ya aiko a kan mashin kafin a gama wanka. Makarantar tamu an sake mata gini, malamin kuwa ban san inda yake ba, bai kuma taɓa sanin daga ina mayafin sarkinsa ya fito ba. Na ɗauka zancen ma ya bi mutanensa ƙasa.

Bara na je ɗaurin aure a Ikara, na zauna kusa da wani matashi, ashe mahaifiyarsa 'yar ƙauyenmu ce. Muna cikin hira ya ce ai garin ne da aka taɓa yin wata tsohuwa da likkafaninta ya yi jini. Wannan karon ban yi shiru ba. Na ce masa zoɓo ne, ni na zuba, na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara cikin ladabi har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Baba, ai kai jikanta ne," ya ce. "Dole ka faɗi haka."