Littafin Kumandan da Yunwar Mai Gari Bawa

Cikin shekarun da na yi ina tafinta a barikin Filinge, ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce ranar da littafin kumandan ya kusa tada yaƙi. Ku da kuka zo daga baya, ku sani a lokacin Nasara bai daɗe da cin ƙasa ba, kowa a ɗarare yake. Kumandan shi ne alƙali, shi ne shugaban soja. Tafinta kuwa bakinsa ne da kunnensa.

Ashe wannan kumandan yana rubuta labarin ƙage: wani sarkin zamanin da, wanda aka ba guba, fada ta rikice, kowa na zargin ɗan'uwansa har wasu suka zautu. Ni ban san da wannan ba. Muna rangadi a wani ƙauye kan hanyar Sanam, sai ya dubi Mai Gari Bawa, ya ce in tambaye shi: "A ƙasar nan, da wane itace ake kashe sarki ba a gane ba?"

Ƙa'idar aikinmu ita ce ka faɗi abin da aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Na faɗa. Mai gari ya ce bai sani ba, ya shige gida ya daina cin tuwo. Ko furar matarsa sai akuya ta fara ɗanɗanawa. Kafin kasuwa ta zagayo, samari sun ciro kwari da baka, 'yan bori sun ce iskoki sun hango jini. Labari ya iso mu a bariki, kumandan ya ce tawaye ne, sojoji su ɗura bindigogi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tambayarka ce fa ta jawo."

Fuskarsa ta yi jajir. "Ai don littafina na tambaya!"

Muka koma ƙauyen ba soja ko ɗaya. Aka fito da mai gari ya rame, na yi masa bayani. Ya dube ni, ya ce:

"Tafinta, kana nufin tatsuniya ta?"

"Tatsuniya ta, Baba."

"Ƙato da gemu, da rana tsaka! To, sarkin nan na ciki, wa yak kashe shi?"

Kumandan ya yi murmushi, ya ce ƙanen sarkin ne. Na fassara. Sai ƙanen mai gari, wanda ke zaune a gefe, ya zabura: "Wallahi, yaya, ban taɓa magana da Nasaran ga ba!" Ya nufi daji a guje, sai da aka tare shi a bakin rijiya. Ba mu bar ƙauyen ba sai da kumandan ya yi alkawarin mai da makashin wani baƙo daga nesa, marar dangi a nan ƙasar Kurfai.

Tun daga ranar, kafin in juya tambaya sai na san me ake nufi da ita. Mai bindiga yana iya yin wasa, amma wanda aka ci da yaƙi ba ya jin wasan.